Ɗalibi, Injin Fotokofi da Sunan Ɓarawo: Sharhi kan Littafin Shadow Libraries

Sunan littafi: Shadow Libraries: Access to Knowledge in Global Higher Education
Wanda ya tsara: Joe Karaganis
Maɗaba'a: MIT Press, Amurka
Shekara: 2018
Harshe: Ingilishi

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma duk wanda ya san rayuwar jami'a ya san cewa yawancin littattafan karatu sai jarrabawa ta rage mako biyu ake fara nemansu. Lokacin ne shagunan fotokofi ke cika maƙil. Lokacin ne ake bin ɗalibin da ya wuce aji ana roƙonsa tsohon littafinsa, wayoyi kuma su cika da fayilolin PDF waɗanda babu wanda ya san asalinsu. Ba a rubuta wannan hada-hada a tsarin kowace jami'a ba, ba a kuma ambatonta a jawabin yaye ɗalibai, alhali kuwa ita ke riƙe da karatun miliyoyin mutane a duniya.

Littafin da nake son mu duba ya ɗauki wannan hada-hada a matsayin abin bincike. Ma'anar sunansa, in an kawo shi cikin Hausa, ita ce ɗakunan karatu na bayan fage, wato duk hanyoyin da ɗalibi da malami ke bi su sami littafi idan kanti ya fi ƙarfin aljihunsu, ɗakin karatun jami'a kuma ya gaza. Abin yabo na farko shi ne maɗaba'ar ta saki littafin kyauta a intanet bisa izini. Da an sa masa tsada, da ya zama wa kansa abin dariya.

Abin da ke cikinsa

Joe Karaganis, wanda ya tsara littafin, ba baƙo ba ne a wannan fage. A 2011 ya jagoranci wani bincike kan satar fasahar finafinai da waƙoƙi a ƙasashe masu tasowa. A wannan karon ya tara marubuta daga ƙasashe daban-daban, kowa ya yi magana kan gidansu. Balázs Bodó ya rubuta babi biyu kan Library Genesis, babban rumbun littattafan nan na ɓoye da ya samo asali daga Rasha. Evelin Heidel ta ɗauki Ajantina, Eve Gray da Laura Czerniewicz suka ɗauki Afirka ta Kudu, Mirosław Filiciak da Alek Tarkowski suka yi Polan, Lawrence Liang ya yi Indiya, Pedro Mizukami da Jhessica Reia suka yi Barazil, sai ɗan gajeren babi kan Yurugwai ya rufe littafin.

Zaren da ya ɗinke babukan guda ɗaya ne. Yawan ɗaliban manyan makarantu ya yi tsalle a cikin ɗan lokaci. Alƙaluman UNESCO sun nuna cewa daga miliyan 100 a shekarar 2000, sun kai miliyan 207 a 2014, kuma mafi yawan ƙarin daga ƙasashe masu tasowa ya fito. Ƴaƴan talakawa sun shiga aji, amma kasafin ɗakunan karatu bai bi su ba, farashin littafin da ake shigowa da shi daga Turai da Amurka kuma bai sauko ba. Wagegen giɓin da ya buɗe tsakanin abin da malami ya ce a karanta da abin da ɗalibi zai iya saya, shi ne injin fotokofi ya cike, daga baya intanet ta kama masa.

Inda littafin ya yi ƙarfi

Babban aikin da littafin ya yi shi ne cire maganar daga bakin masu wa'azi, ya mayar da ita hannun masu lissafi. Maimakon tambayar ko ɗalibin da ya kwafi littafi ɓarawo ne, marubutan sun tambayi wane zaɓi aka bar masa. Babin Indiya ne ya fi fito da wannan fili.

A 2012, manyan maɗaba'u uku, Oxford University Press da Cambridge University Press da Taylor & Francis, suka kai ƙarar wani ɗan shagon fotokofi mai suna Rameshwari, wanda ke cikin harabar Jami'ar Delhi, suka haɗa da jami'ar kanta. Laifinsa shi ne yana kwafar babuka daga littattafai daban-daban da malamai suka zaɓa, ya ɗinke su wuri guda, ya sayar wa ɗalibai da araha. Kotu ta fara dakatar da aikin, sai ɗalibai da malamai suka kafa ƙungiyoyi suka shiga shari'ar. Abin da ya fi ba maɗaba'un kunya shi ne yadda ɗimbin marubuta, ciki har da waɗanda littattafansu ake taƙaddama a kai, suka fito suka ce ba da yawunsu ake ƙarar ba. A watan Satumba na 2016, mai shari'a Rajiv Sahai Endlaw ya yi watsi da ƙarar, yana dogara da sashe na 52 na dokar haƙƙin mallaka ta Indiya, wanda ya halatta kwafar aiki a yayin koyarwa. A watan Maris na 2017 maɗaba'un suka janye. Liang lauya ne, kuma ba ya ɓoye ɓangaren da yake. Duk da haka hujjarsa tana tsayawa da ƙafarta: ɗalibin da aka ce ya karanta babi guda a cikin littattafai goma ba zai taɓa sayen goman ba, saboda haka hana shi kwafa ba zai ƙara wa maɗaba'a ko tamma ba, sai dai ya rage masu karatu.

Babin farko na Bodó shi ya fi daɗin karantawa. Ya nuna cewa Library Genesis ba daga sama ya faɗo ba. A zamanin Tarayyar Sobiyet, mutane sun saba buga haramtattun littattafai da keken rubutu suna miƙa wa juna a ɓoye, al'adar da ake kira samizdat. Da tarayyar ta rushe a 1991, kuɗin bincike ya ƙafe, sai masana suka koma mayar da littattafai cikin kwamfuta suna raba wa juna. Maksim Moshkov ya buɗe rumbunsa na lib.ru a 1994. Daga irin waɗannan tarin ne Library Genesis ya taso wajen 2008, ya kuma ƙara kumbura bayan da kotu ta rufe wani rumbu mai suna library.nu a 2012. Darasin a bayyane yake: in an toshe rami guda, ruwan sai ya fito ta wani. Abubuwan da suka biyo baya sun gaskata shi. A 2017 wata kotu a New York ta yanke wa Sci-Hub da Library Genesis diyyar dalar Amurka miliyan 15 ga kamfanin Elsevier. A watan Nuwamba na 2022 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin Z-Library. Ba a daɗe ba rumbun ya sake ɓullowa ta wasu adireshin.

Ko babin Polan, wanda bai kai waɗannan nauyi ba, yana da abin da zai sa Bahaushe murmushi. Shafin da ɗaliban can ke ajiye takardunsu, Chomikuj, ya samo sunansa daga wata ƴar dabba mai cusa abinci a kumatu ta kai rami. Da a ƙasar Hausa aka ƙirƙire shi, da Gafiya za a sa masa. A Barazil kuwa, doka ta 1998 ta yarda a kwafi ɗan guntun littafi ba tare da ta fayyace iyakar guntun ba, sai wannan shubuha ta zama filin kokawa tsakanin ƙungiyar maɗaba'u da masu shaguna. A Yurugwai, samamen da ƴan sanda suka kai wa shagunan fotokofi da ke kusa da tsangayar shari'a a birnin Montebidiyo a 2013 shi ya fitar da ɗalibai kan titi suna neman a gyara doka.

Inda ya bar mu a baya

Duk da wannan ƙoƙari, mai karatu daga Yamai ko Damagaram ko Garwa ko Njamena zai rufe littafin yana jin an yi biki a unguwarsu ba a gayyace shi ba. Sunan littafin ya yi alƙawarin duniya, amma a duk faɗin Afirka ƙasa ɗaya aka taɓa, Afirka ta Kudu, wadda ke da manyan maɗaba'u na gida, da asusun tallafa wa ɗalibai, da jami'o'in da ke biyan lasisin kwafa. Babu babi kan Afirka ta Yamma, babu kan ƙasashen da ke karatu da Faransanci. Ƙasashen da aka zaɓa duk masu matsakaicin ƙarfi ne, inda akwai lantarki da intanet da kasuwar littafi da za a yi faɗa a kanta. Alƙaluman Bodó ma sun nuna haka: masu kwasar littattafai daga Library Genesis sun fi yawa a ƙasashe irin su Rasha da Indonesiya da Indiya da Iran, har da Amurka kanta. Ashe ko shiga rumbun ɓoye sai mai ɗan hali.

Wannan giɓi ba ƙaramin abu ba ne, domin labarin da littafin ke bayarwa labarinmu ne, har ma ya fi tsanani a wurinmu. Nijar ta shafe shekaru kusan arba'in da jami'ar gwamnati guda ɗaya, ta Yamai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970. A 2010 aka sami na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Doso da Tillaberi. Buɗe jami'a abin alheri ne, amma gina aji ya fi cika kantar littattafai sauri. Littafin shari'a ko likitanci da aka buga a Faris, da kuɗin yuro aka yi masa farashi, kafin ya iso Yamai an ɗora kuɗin jirgi da ribar mai kanti. Ɗalibin da ke jiran kuɗin bursu, wanda sau da yawa kan makara, ba ya ma taya shi. Abin da ya rage masa shi ne masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, da takardun darasi da malami ke bugawa, waɗanda muke kira polikopi, ƴan uwanmu na Najeriya kuma suke ce musu handawut.

A nan ne nake ganin rauni na biyu, wanda ya fi na farko zurfi. Hankalin littafin ya tattaru a kan yadda takarda ke isa hannun ɗalibi. Da ta isa, kusan labari ya ƙare. A wurinmu kuwa daga nan matsalar take farawa. Littafi mai shafi ɗari takwas da ya sauka a waya kwana goma kafin jarrabawa, a fuskar da ba ta kai tafin hannu ba, batir na barazanar mutuwa, kuɗin data ya ƙare, shin an same shi ke nan? A shirin da nake gabatarwa a rediyo, idan aka taɓo maganar karatu, ɗaliban da ke bugo waya ba su cika kukan rashin PDF ba. Wasu na da ɗaruruwa a waya. Kukansu shi ne ba su san wanda za su buɗe ba, kuma wanda suka buɗe ba da su yake magana ba. A ƙarshe sai kowa ya koma ga polikopin malam, domin daga nan tambaya za ta fito. Polikopi kuwa an yi shi ne don a haddace a mayar wa mai shi. Ba ya nuna wa ɗalibi cewa masana sun yi saɓani, ba ya kai shi ga wani littafi. Mutum na iya gama lisans da sakamako mai kyau bai taɓa karanta littafi guda na fanninsa daga bango zuwa bango ba.

Sai maganar harshe. Rumbunan ɓoye sun fi cika da Ingilishi da Rashanci. Haka ma kyautar halal. OpenStax, wadda Jami'ar Rice ta Amurka ta fara a 2012, tana fitar da ingantattun littattafan shekarun farko na jami'a kyauta, masana sun duba su, babu wanda zai kira mai sauke su ɓarawo. Amma don ɗalibin Amurka aka rubuta su: misalan tattalin arziki daga kasuwar Amurka, misalan zamantakewa daga unguwannin Amurka. Ɗalibin Maraɗi da ke karatu da Faransanci, yana tunani da Hausa, sai ya haye katanga biyu kafin ya isa ga darasin. Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni, tun a 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka inda ya kare koyarwa da harsunan gida. Littafin Karaganis ya yi ta lissafin farashi, amma wannan farashi na harshe, wanda ba a biyansa da kuɗi, bai sami matsayin da ya kamace shi ba.

Rauni na uku ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da masu son adabi. Idan ana maganar Elsevier ko Oxford, abu ne mai sauƙi mutum ya goyi bayan ɗalibi, domin giwa ba ta jin cizon sauro. Amma injin fotokofi ba ya tambayar sunan maɗaba'a. Malamin da ya tara albashinsa ya buga kwafi ɗari biyar na littafinsa a Yamai, ko marubuciyar Kano da ta ci bashi ta fitar da labarinta, idan aka ɗauki hoton shafukan aka watsa a WhatsApp, su ne ke kwana da asara, kuma da wuya su sake bugawa. Hujjar Liang, cewa kwafa ba ta rage ciniki tunda ɗalibin dama ba zai saya ba, tana aiki a kan littafin waje mai tsada. Ba ta aiki a kan littafin gida na jika biyu, wanda ɗalibin zai iya saya in ya so. Duk wanda ya ɗauko hujjar Delhi ya shimfiɗa ta a kan marubucin gida, ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa, domin ya kashe wanda zai rubuta masa littafin da ya dace da shi.

Game da salo kuwa, babukan ba su yi kai ɗaya ba. Na Rasha da na Indiya suna tafiya kamar labari, babin Bodó na biyu da wasu sassan na Barazil sun nutse cikin jadawali da alƙaluma, sai mai haƙuri. Tambayoyin da aka yi wa ɗalibai kuma sun fi karkata ga jami'o'in manyan birane. Harshen littafin na masana ne, don haka ɗaliban da ake magana a kansu ba su ne za su fi jin daɗin karanta shi ba.

Babin da ya kamata mu karanta sau biyu

Idan aka ce in zaɓar wa shugabannin jami'o'inmu babi guda, na Ajantina zan miƙa musu. Heidel ta koma baya ta tuna da Eudeba, maɗaba'ar da Jami'ar Buenos Aires ta kafa a 1958, wadda Boris Spivacow ya jagoranta. Dabararsu mai sauƙi ce: a buga da yawa, a sayar da araha, a kai littafi rumfunan bakin titi inda ake sayar da jarida, maimakon jiran mutane su shigo kanti. A cikin ƴan shekaru suka watsa miliyoyin kwafi. Da sojoji suka karɓi mulki a 1966 suka afka wa jami'ar, Spivacow ya ajiye aiki ya kafa wata maɗaba'ar, wadda ita ma a 1980 aka ƙona mata littattafai sama da miliyan ɗaya. Bayan da hukuma ta janye hannunta ne fotokofi ya gaje filin, daga baya ɗalibai suka gina rumbunansu a intanet, har a 2009 aka gurfanar da wani malamin falsafa, Horacio Potel, saboda ya sa rubuce-rubucen Derrida da Heidegger a shafinsa, kafin a yi watsi da tuhumar.

Jerin abubuwan shi ne darasin. Littafi mai araha ya fara zuwa, aka kashe shi, sannan kwafa ta bunƙasa. Rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki. Mu a nan ba mu taɓa samun Eudeba ba, tun farko da uwar ɗakin muka buɗe ido. Amma kayan haɗa ta suna nan. Kowane polikopi mai kyau rabin littafi ne: abin da ya rage shi ne wani masani ya duba shi, edita ya gyara, jami'a ta biya malamin haƙƙinsa sau ɗaya, ta buga shi a takarda mai araha, ta kuma saki PDF ɗinsa kyauta. Misalai na kusa ba su ɓuya ba. Cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai ta daɗe tana sa rahotanninta a intanet kyauta. CODESRIA a Dakar tana yin haka da yawancin littattafanta. Buɗaɗɗiyar jami'ar Najeriya, NOUN, ta sa littattafan darussanta inda kowa zai sauke. A Kanada ma, malami guda ne a garin Chicoutimi, Jean-Marie Tremblay, ya fara rumbun Les Classiques des sciences sociales, wanda ɗaliban ilimin zamantakewa masu Faransanci ke dogara da shi a yau. Tun da kundin da Nijar ta amince da shi a 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, tambayar da ke gabanmu ita ce wa zai rubuta littafin shari'a ko tattalin arziki na shekarar farko da Hausa, kuma wa zai biya shi.

Ga ɗalibin da jarrabawa ta ƙarato masa, shawarar da za a tsinta daga wannan duka ba ta da yawa. Ya fara da ɗakin karatun jami'arsa, ya tambaya ko sun yi rajista da Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallu da littattafan kimiyya kyauta. Ya duba Persée da OpenEdition da Gallica idan da Faransanci yake karatu. Tsohon bugu da aka saya a bakin titi yakan wadatar a lissafi ko falsafa, amma a shari'a da haraji da magunguna yana iya kai mutum ya baro, domin doka da ƙa'ida suna sauyawa. Littafin malamin gida kuwa, in farashinsa bai fi ƙarfi ba, a haɗa kuɗi mutum uku a saya.

Shadow Libraries littafi ne da ya cancanci a karanta, musamman ga ƴan jarida da masu kula da ɗakunan karatu da masu tsara dokar haƙƙin mallaka. Ya wanke ɗalibi daga sunan da bai dace da shi ba, ya kuma nuna cewa samame da shari'a ba su taɓa cika kantar littattafai ba. Babin Sahel ne babu a ciki, kuma ba na jin wani daga Amurka zai zo ya rubuta mana shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.